ZARTO MAI INJI: HUDA SALANSA DA TAƁA LOKACIN WUTA, RIBA KO HASARA?

A ƙasar Dakoro gatari ne babban makamin mai saran itace. Zarto mai inji bai yawaita ba. Amma akan gan shi hannun wasu masu sayar da itacen wuta, da masu datsa manyan itatuwan da iska ta kayar. Kuɗinsa da yawa. Mai sayensa yakan sayar da dabba, ko kuwa ya ci bashi.

Bayan ƴan watanni sai mai shi ya ga injin ya rage ƙarfi. Gungumen da yake datsawa nan da nan, yanzu sai ya daɗe a kansa. Daga nan sai shawara ta yi yawa. A fada wani ya ce a huda salansa. A gareji wani ya ce a matsa lokacin wuta gaba, abin da makanikai ke kira taimin. Wani kuma ya ɗauko salula, ya nuna wani mutum a ƙasar waje ya yi haka, injinsa yana ta kuka.

Shin gaskiya ne? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Inji yana iya samun ɗan ƙarin ƙarfi ta wannan hanya. Amma hasarar da ke biyo baya ta fi ribar yawa. Kuma mafi yawan lokaci ƙarfin da ya ɓace yana dawowa da wanki da wasa sarƙa kawai. Wannan bayani ya shafi masu moto, da masu ƙaramin injin wuta, da masu injin ban ruwa, domin duk dangi ɗaya ne.

ASALIN ZARTO MAI INJI

A ƙasar Jamus an daɗe ana ƙera shi don aikin daji. A shekarar 1926 wani mutum mai suna Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki. A 1927 Emil Lerp ya fito da mai shan fetur. Na farkon suna da nauyi ƙwarai, sun fi kilo 40, sai mutum biyu ke riƙe su. Wajen 1950 aka samu wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. Na yau kilo 4 ne zuwa 7. Wasu daga Turai suke zuwa, kamar Stihl da Husqvarna. Masu araha kuma yawancinsu daga ƙasar Sin.

INJI MA NUMFASHI YAKE YI

Abu huɗu inji ke bukata: iska, mai, wuta, da hanyar fitar hayaƙi. Kamar murhun maƙeri ne. In ba a zuga ba, gawayi ba ya ja. In toka ta cika, wuta ta mutu.

A cikin inji akwai rami mai santsi, sunansa silinda. A cikinsa akwai fistin, yana hawa yana sauka. Kafireto yana gauraya iska da fetur, ya tura su ciki. Fistin ya hau ya matse su. Sai buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi, ya ba da tartsatsi. Mai ya kama wuta, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Hayaƙi ya fita ta salansa. Wannan turawa ita ke juya sarƙa.

Injin zarto yana gudu ƙwarai. Yana iya juyawa sau 12,000 a minti ɗaya, ko fiye. Ga lissafi: 12,000 a raba da 60, ya ba da 200. Wato sau 200 wuta ke tashi a cikinsa a daƙiƙa ɗaya.

Akwai abu guda da ya raba shi da yawancin moto da injin ban ruwa. Su suna da wurin zuba man inji dabam. Zarto kuwa a cikin fetur ake zuba masa man inji. Saboda haka fetur ɗin da yake sha shi ke kai wa fistin maiƙo, shi ke kuma rage masa zafi. In fetur ya ragu, maiƙo ya ragu. A riƙe wannan magana da kyau, domin ita ce tushen sauran bayanin.

AIKIN SALANSA

Salansa ɗan akwatin ƙarfe ne a gaban inji. Aikinta uku. Tana rage ƙara. Tana kau da hayaƙi mai zafi daga hannun mai aiki da jikin inji. Kuma a bakin da yawa daga cikinsu akwai ƴar ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Wannan raga tana tare garwashin da ke fitowa tare da hayaƙi.

Akwai al'adar huda salansa a Amurka da Kanada. Can, tun wajen ƙarshen shekarun 1990, an kafa dokokin rage hayaƙin ƙananan injuna. Sai masu ƙira suka matse hanyar hayaƙi, suka kuma rage man da inji ke sha. Wasu masu aikin daji, da masu gasar datsa gungume, suka riƙa buɗe hanyar. Amma su suna da na'urar auna gudun inji. Suna da kayan gyara kusa. Ƙasarsu kuma tana da sanyi. Duk da haka, a gandun dajin gwamnatin Amurka doka ta hana aiki da zarton da ba shi da ragar tare garwashi.

IN AN HUDA SALANSA, ME KE FARUWA?

Hayaƙi zai fita da sauri. Inji zai ja iska fiye da da. Amma kafireto yana nan yadda aka saita shi. Sai iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Inji zai ɗauki kuka mai tsini, gudunsa ya ƙaru. Mai shi ya yi murna, yana tsammanin ƙarfi ne. Alhali injin ƙishirwa yake ji.

Fistin da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, amma yana laushi tun kafin nan. In maiƙo ya ragu, zafi ya ƙaru, sai fistin ya kumbura. Ya goge bangon silinda, ya kakkarce shi. Zoben fistin ya manne. Inji ya tsaya cik, igiya ta ƙi jawuwa. Wannan yana iya faruwa kafin tanki ɗaya ya ƙare.

A jikin kafireto akwai ƴan kusoshi uku. Wanda ya iya karatu zai ga harafi kusa da kowace. L ta ƙaramin gudu ce. H ta babban gudu ce. T, ko LA, ita ke riƙe inji kada ya mutu in an saki hannu. Duk wanda ya buɗe salansa tilas ya sassauta H, don fetur ya ƙaru. Ke nan ɗan ƙarfin da aka samu, da fetur ake biyansa kullum. Wasu injunan kuma an sa wa kusoshinsu hular roba, ba sa juyawa sosai. A irin waɗannan, in an huda salansa ba a iya ƙara man yadda ya kamata sai an fasa hular.

A tuna kuma da yanayin ƙasar nan. A watan Afrilu da Mayu zafin Dakoro yana wuce digiri 40. Iska ce kaɗai ke sanyaya injin zarto, ba shi da ruwa. Injin da ke aiki cikin irin wannan rana ya riga ya kusa iyakarsa. Ƙara masa zafi kamar ƙara wa jaki kaya ne a tsakiyar hawan tudu.

MENE NE LOKACIN WUTA?

Mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Kowace taɓarya da lokacinta. In ɗaya ta riga, sai taɓare su haɗu, hannu ya yi ciwo, hatsi ya zube. Haka buji da fistin suke.

Mai ba ya ƙonewa gaba ɗaya nan take. Yana bukatar ɗan lokaci. Don haka buji yana ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa da kaɗan. In an raba juyi ɗaya gida 360, wutar tana tashi wajen gida 20 zuwa 30 kafin ƙololuwa. Masu ƙira sun gwada sun auna kafin su tsai da wannan wuri.

Ga abin da ke riƙe lokacin. Bayan murfin igiya akwai faifan ƙarfe mai fikafikai, da maganaɗisu a gefensa. Duk sa'ad da maganaɗisun ya wuce gaban kwayil, wato bobin, sai wuta ta tashi. Wani ɗan ƙarfe ƙanƙane, mai siffar jinjirin wata, shi ke nuna inda faifan zai zauna a kan sandarsa. A wasu injunan a jikin faifan aka zubo shi. Masu taɓa taimin wannan ɗan ƙarfe suke gogewa da magagari, don faifan ya ɗan gusa, wuta ta riga lokacinta.

In gusawar kaɗan ce ƙwarai, inji yakan ɗan ƙara kuzari. Amma ido ba ya iya auna ta. Kaurin farce ɗaya a jikin ɗan ƙarfen gida da yawa ne a juyi. In ta wuce kima, ga abin da ke biyowa:

1. Wuta tana tura fistin tun yana hawa. Inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi.
2. Wajen tayarwa, igiya tana fizge hannu. Yatsu ko wuyan hannu na iya gocewa.
3. Kan fistin yana iya ƙonewa har ya huje.
4. In ba a ɗaure faifan sosai ba, yana zamewa. Inji ya ƙi tashi sam.

Ban da haka, a injunan zamani da yawa kwayil da kansa yake gyara lokacin wuta, gwargwadon gudun inji. Mai gogewa ƙari yake yi a kan abin da an riga an yi. Kuma abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Garin neman gira akan rasa ido.

HASARA UKU

Ta farko ta aljihu ce. In fistin da silinda suka lalace sai an sake su. Sau da yawa sai an nemo su Maraɗi, tafiyar kilomita wajen 120, ko a aika Najeriya. Ga kuɗin kaya, ga kuɗin mota, ga na makaniki. Ga kwanakin da inji ke kwance, bashi kuma yana jira.

Ta biyu ta kunne ce. Ana auna ƙara da ma'auni mai suna desibel. Likitoci sun ce ƙarar da ta wuce 85, in mutum ya yini cikinta, tana lalata ji. Zarto mai lafiyayyar salansa ya wuce 100. Wanda aka huda ya fi haka. Da farko kunne ya riƙa ƙugi da dare. Sannu a hankali mutum ya daina jin magana sai an ɗaga murya. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, babu maganinsa a asibiti.

Ta uku ta fi duka girma, domin ta jama'a ce. Ita ce gobarar daji. Salansar da aka huda, ko aka cire mata raga, tana tofar da garwashi. Bakinta kuwa yana kusa da itace da ƙasa. Daga watan Oktoba ciyawa ta bushe. In hunturu ya shigo, iskar gabas tana kaɗawa. Garwashi ɗaya ya isa.

Dokar 1961 ta ja iyakar noma a Nijar, ta bar arewa don kiwo. Daga kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, ciyawar da damina ta bari ita ce rumbun makiyayi. Da ita shanu da tumaki da raƙuma za su kai wata damina. Gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, yana da faɗin hekta 76,000, kuma a 2018 aka mayar da raƙuman dawa cikinsa. Bayan damina jama'a da ma'aikatan gandun daji suna shan wahalar share hanyoyin tare wuta. In ciyawa ta ƙone, dabbobi su rame, farashinsu ya faɗi. Makiyaya su gangaro kudu kafin a kwashe amfanin gona, rigima ta tashi. Wutar kuma ba ta tsayawa ga makiyaya. Tana cin karan gona, da rumbu, da bukka.

Wannan gargaɗi ya hau kan samari masu moto da ke cire cikin salansa don ƙara. Moto ma yana ratsa busasshiyar ciyawa.

TO, INA ƘARFIN YA TAFI?

Inji ba ya rage ƙarfi haka kawai. A ƙasa mai rairayi da ƙura, wuri shida ake dubawa. Duk ba sa cin kuɗi mai yawa.

1. Sarƙa. Ita ce ta farko. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, tana shiga itace da kanta. Dakusasshiya gari take fitarwa, sai an danna ta, har itace ya yi hayaƙi. Rairayin da iska ke cusawa cikin ɓawo yana cin kaifi da sauri. A kankare ɓawon da gatari inda za a yanka. Kada sarƙa ta taɓa ƙasa. A wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta. Kowane haƙori a yi masa gugar da aka yi wa ɗan'uwansa.

2. Matatar iska. Ita ce hancin inji. In ƙura ta toshe ta, inji ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, ya sha mai da yawa. A kakkaɓe ta kullum bayan aiki. In irin mai wankuwa ce, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai. Kada a tayar da inji babu ita. Rairayi yana cin fistin kamar dutsen niƙa.

3. Ragar salansa. Kunkunniya tana toshe ta. Nan ne mutane ke ruɗuwa: hanyar hayaƙi ta toshe, sai su ce a huda. Wanki take so. A bari inji ya huce. A kwance ragar, a ƙona dauɗar a wuta, nesa da fetur, a goge da burushin waya, a mayar. In ta yage a sa sabuwa. Kunkunniyar da ke ƙofar silinda kuma da tsinken itace ake kankare ta, bayan an juya fistin ya rufe ƙofar. Ƙarfe yana karce fistin.

4. Buji. Launin bakinsa yana ba da labari. Ruwan ƙasa: lafiya lau. Baƙi mai danshi: mai ya yi yawa, ko matata ta toshe. Fari fat: inji yana jin ƙishirwa, a tsaya nan take. Tazarar bakinsa rabin milimita ce a yawancin zarto. A sake shi bayan aikin awa 100.

5. Fikafikan silinda. Garin itace da mai suna cushewa tsakaninsu, iska ta kasa wucewa. A share su da tsinke ko burushi.

6. Haɗin mai. A yi aiki da man da aka rubuta wa 2T a jikin gwangwani. Baƙin man da aka juye daga mota ba ya yi. Shi ke toshe salansa, ya kashe inji.

GA AWON HAƊIN MAI

A duba takardar inji, ko murfin tanki. Akwai lamba a rubuce.

In an rubuta 50:1
Fetur lita 1, man 2T mililita 20
Fetur lita 5, man 2T mililita 100

In an rubuta 25:1
Fetur lita 1, man 2T mililita 40
Fetur lita 5, man 2T mililita 200

Kada a auna da ido, ko da kofin shayi, domin kofuna ba girmansu ɗaya ba. Sabon sirinji marar allura yana da lambobi a jikinsa, ya isa awo. A haɗa man a cikin jarka mai tsabta, a girgiza, sannan a zuba a tanki. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya yakan zo da ƙura ko ruwa. A tace shi da ƙyalle mai tsabta. Haɗin da ya wuce wata ɗaya a ajiye ya fara lalacewa, kada a haɗa fiye da bukata.

In an yi duk wannan inji bai dawo ba, sai a kai wa makanikin da ya san irinsa. Ga alamar saiti mai kyau: in an matsa mai duka, sarƙa ba ta cikin itace, inji yana ɗan gurnani. In ta shiga itace, muryarsa ta washe. Inji mai kuka da tsini kamar sauro yana gab da mutuwa.

KIYAYE RAI DA DAJI

- A toshe kunne da abin toshe kunne na ƴan aiki. A sa takalmi mai rufi da dogon wando mai kauri.
- A riƙe zarto da hannu biyu. Kada a yi yanka da ƙarshen bakinsa, yana zabura ya komo kan mutum. Kada a ɗaga shi sama da kafaɗa.
- Yara da dabbobi su yi nisa.
- A kashe inji, ya huce, kafin a zuba mai. Ban da taba. A matsa mita 3 daga wurin kafin a tayar.
- A share ciyawa kewaye da wurin aiki. A ajiye shebur da ruwa kusa. Kada a kwantar da inji mai zafi a kan ciyawa. Bayan aiki a ɗan dakata, a tabbata babu inda ke hayaƙi.
- Kada a tayar da kowane inji cikin ɗaki ko cikin rijiya. A hayaƙinsa akwai guba marar wari, tana kisa.

Akwai kuma maganar doka. Zarto yana kayar da itacen shekara 50 cikin ƴan mintoci. Dokar daji ta ranar 8 ga Yuni 2004 ita ke tsara saran itace a Nijar. Itatuwa irin su gawo, tsamiya, kuka da giginya suna cikin waɗanda aka kare. Manoman jihar Maraɗi sun sha wahala tun shekarun 1980 suna renon tohon itace a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, har gonaki suka sake yin inuwa. Mai zarto ya fara zuwa ofishin gandun daji na Dakoro, ko na ƙaramar hukumarsa, ya nemi izini. Ya kuma nemi yardar mai gona.

ABIN TUNAWA

Inji ya rage ƙarfi? A fara da sarƙa, sai matata, sai raga, sai buji, sai mai.
Salansa wanki take so. Kada a huda ta, kada a cire ragarta.
Lokacin wuta a bar shi inda maƙerinsa ya sa shi.
Ciyawar daji abincin dabbobin kowa ce. Garwashi ɗaya ya isa ya cinye ta.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa mai inji.